Da Wane Harshe Maukili Yake Magana?



Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a Jadid, ko Gurda, ko Mahadiyya a shekarun 1990, idan aka tambaye shi da wane harshe Maukili yake magana, ba zai tsaya dogon tunani ba. Zai ce da Larabci, Larabcin ma fusha, irin wanda ake karanta labarai da shi. Idan kuwa aka yi wa tsaransa na birnin Delhi wannan tambaya, shi ma ba zai yi jinkiri ba, zai ce da Hindi, harshen da mu muke kira Indiyanci. Dukansu biyu gaskiya suka faɗa, kuma zane guda suka kalla, mai kashi 52, wanda kamfanin Nippon Animation na ƙasar Japan ya fitar tsakanin 1989 da 1990. Yaron dajin nan da kyarketai suka yi renonsa, da Japananci ya fara buɗe baki. Mu dai ba mu taɓa jin wannan murya tasa ta fari ba, kuma da za a kunna mana ita yau, da mun ce wani ne ya shiga rigarsa.

A harkar katun, wato abin da yaranmu na nan suke kira rusum, zane yana jan ido, amma murya ce take mallaka wa yaro labari. Harshen da jaruminsa ya yi magana da shi, da shi yaro zai yi mafarki, da shi zai yi wa abokinsa alƙawari, da shi kuma zai yi wa kansa kirari idan ya tsaya gaban ƙwallo. Mu Hausawan Sabha mun ci moriyar wannan al'amari, mun kuma biya kuɗinsa, saboda haka ya dace mu auna biyun da adalci.

Bari mu fara da Indiya, domin a can ne aka fi ganin ƙarfin abin. Rudyard Kipling ya wallafa littafin The Jungle Book da Turanci a 1894, ya kafa labarin a dazuzzukan Seoni na tsakiyar Indiya, ya kuma aro sunayen dabbobinsa daga bakin mutanen ƙasar. Hathi a harshensu giwa ce kawai, Bagira daga sunan damisa aka samo shi, Balu kuma shi ne dabbar da Larabawa suke kira dubbu. Ga yaron Ingila waɗannan baƙin sunaye ne masu ɗan ban mamaki. Da gidan talabijin na gwamnatin Indiya, Doordarshan, ya fara nuna zanen na Japan da muryoyin Hindi a safiyar Lahadi a 1993, sai sunayen suka koma gida. Mawaƙi Gulzar ya rubuta baitocin waƙar buɗewa, Vishal Bhardwaj ya yi mata kiɗa, fitaccen ɗan wasa Nana Patekar kuma ya ba Sher Khan muryarsa mai kaushi. Labarin da Bature ya rubuta, mutanen Japan suka zana, sai ga shi ya zama na yaran Indiya tamkar a tsakar gidansu aka haife shi. Shekara 23 bayan haka, a 2016, da kamfanin Disney ya kawo sabon fim ɗinsa na wannan labari kasuwar Indiya, sai da ya nemo Nana Patekar ya sake yin Sher Khan a fassarar Hindi, aka kuma sabunta tsohuwar waƙar domin tallata fim ɗin. Sun san iyayen da za su yanki tikiti, muryar nan suke ɗauke da ita a kunne tun suna yara.

Masu ɗora murya na Indiya hanya guda suka fi bi. Sukan sa zanen ya yi magana kamar yadda ake yi a layi da kasuwa da finafinan Mumbai, da barkwancinsa da zolayarsa. Da wannan salo ne Doraemon, muzurun nan na ƙarfe mai aljihun abin mamaki, ya mamaye gidaje bayan tashar Hungama ta fara nuna shi a 2005. Tashoshin tauraron ɗan'adam kuwa ba su san iyakar ƙasa ba. A maƙwabciyarsu Bangaladash, iyaye suka wayi gari suna jin 'ya'yansu suna hira da juna da Hindi, harshen da ba a koyar da su a makaranta ba, ba a kuma yi musu shi a gida ba. A watan Fabrairun 2013 gwamnatin ƙasar ta hana nuna Doraemon na Hindi. Ƙasar da ɗalibanta suka ba da rayukansu a Dhaka ranar 21 ga Fabrairun 1952 domin kare harshen Bengali, ranar da duniya take tunawa yanzu a matsayin ranar harshen uwa, ita ce ta tsorata da muzurun zane. Tsoron nata kuwa yana da dalili. Idan harshe mai gwamnati da jami'o'i da miliyoyin masu magana ya ji girgiza, ina ga Hausar da ake yi a 'yan gidaje a Jadid?

Ƙasashen Larabawa wata hanya dabam suka ɗauka. Tun daga ƙarshen shekarun 1970, ɗakunan ɗora murya na Bairut da Kuwait, daga baya na Amman da Dimashƙa, suka tsaya a kan fusha. Akwai dalilin kasuwa a ciki, domin kaset guda zai shiga daga Maroko har Oman ba tare da an ce wannan karin harshen wata ƙasa ba ne. Akwai kuma dalilin tarbiyya, wanda shirin Iftah Ya Simsim da aka fara a Kuwait a 1979 ya ƙarfafa, da ya nuna cewa ƙaramin yaro yana iya fahimtar fusha mai sauƙi tun kafin ya shiga aji ɗaya. A Lebanon aka fassara Girandaiza na Go Nagai, Jihad al-Atrash ya zama muryar Duk Filid, Sammy Clark ya rera waƙar buɗewa. A Kuwait aka ɗauki zanen da Hayao Miyazaki ya yi a 1978, aka raɗa wa yaransa sababbin sunaye: Conan ya zama Adnan, Lana ta zama Lina, Jimsy ya zama Absi. Tsubasa ɗan ƙwallo ya koma Kaftin Majid, abokin hamayyarsa Hyuga ya koma Bassam. A Dimashƙa kuma cibiyar Zuhra ta fitar da Maukili, Amal Hawija ta yi muryarsa, Tariƙ al-Arabi Turgan ya rera waƙarsa.

Aikin nasu bai tsaya ga juya kalmomi ba, musamman na Dimashƙa. Sukan yi wa labari wanka kafin ya shiga gidajen mutane. Giyar da ke cikin kofi takan zama ruwan 'ya'yan itace, soyayya takan zama zumunci ko alƙawarin aure, abin da bai dace da idon yaro ba a yanke shi, a ƙara nasiha inda babu. Ana iya muhawara a kan ko sun yi wa masu zanen adalci, amma wannan ne ya sa iyayenmu suka saki jiki suka bar mu gaban akwatin.

A nan Jadid, yaron gidan Hausawa da harsuna uku yake tashi. Hausa a cikin gida, Larabcin Fazzan a bakin ƙofa da wurin mai shago, fusha kuma a makaranta da masallaci. A Larabcin titi ɗan maƙwabta ya riga mu, domin shi da shi aka goya shi. A fusha kuwa babu wanda ya riga wani, saboda ba harshen uwar kowa ba ne a unguwar. Da la'asar sakaliya, zafin Sabha ya fara sauka, aka buɗe shirin yara, mukan jeru a tabarma ɗaya da 'ya'yan Larabawa da na Abzinawa da na Tubawa, dukanmu baƙi ne a gaban Larabcin Adnan, dukanmu kuma tare muke koyonsa. Wannan daidaito ne da ba kasafai muke samun irinsa a wani wuri ba. Makarantar allo ta ba mu fusha ta tilawa, wadda ake rusuna mata. Rusum ya ba mu fusha da ake fushi da ita, ake kuka da ita, ake ƙwala wa aboki kira da ita daga nesa. Kalmomi irin su kaukab da wafa'i da shaja'a, a gaban akwati muka fara tsintarsu kafin mu gamu da su a littafin karatu. Da yawa daga cikinmu da suka yi fice a darasin insha'i, har malamai suna mamakin ɗan Bahaushe da ba ya kuskure wasalin ƙarshen kalma, daga bakin Jihad al-Atrash suka fara jin yadda ake ajiye shi. A filin ƙasa na bayan gidaje kuma, inda duwatsu biyu suke zama raga, kowa Majid yake so ya zama, mai ƙarfin ƙafa a ce masa Bassam, mai tsaron gida Walid ne ko Ra'ad. Ba wanda yake tambayar asalin wani kafin ya ba shi suna.

Wannan riba ce, kuma ba za mu raina ta ba. Sai dai tun kafin akwatin ya shigo, muna da masu ɗora murya a cikin gida. Kakanninmu mata, waɗanda suka zo da tatsuniyoyinsu daga Damagaram da Agadas da Maraɗi da Katsina, idan za su ba da labari cikinsa suke shiga. Tsohuwa guda ita ce Gizo da tsamin bakinsa, mai mayar da ra ta zama ya. Ita ce Ƙoƙi mai haƙuri, ita ce Kura da muryarta ta haɗama, idan Dodo ya fito kuma ta kumbura murya har ƙaramin cikinmu ya ɓuya a bayanta. Ba ta da hoto ko ɗaya da za ta nuna mana, duhun tsakar gida ne allonta, amma kowa a cikinmu ya ga Gizo da idonsa. Abin da cibiyar Zuhra take yi da na'urori da taron 'yan wasa, ita da maƙogwaro guda take yin sa.

Lokacin da tashar talabijin guda ce, shirin yara kuma ɗan lokaci ne kafin magariba, akwatin da tsohuwa sun raba yini ba tare da faɗa ba, tun da dama al'ada ta hana tatsuniya da rana. Da aka harba tauraron Nilesat a 1998, faranti ya hau rufin gidajen Sabha, sannan Spacetoon ta ɓullo a shekarar 2000 da duniyoyinta goma da muryar Rasha Rizk, sai wannan rabo ya rushe. Rusum ya cinye rana, ya haɗa da dare. Yau kuma ya sauko daga bango ya shiga tafin hannu, ko an ɗauke wuta yana nan muddin da caji a waya.

Abin da ya biyo baya wani rabon aiki ne tsakanin harsunan, wanda ba wanda ya zauna ya tsara shi. Hausa ta zama harshen aike da tsawa da abinci: tashi, kawo, bari, zo ka ci. Larabci ya zama harshen jarunta da amana da kewar uwa, da duk wani abu mai girma da yaro yake ji a ransa. Za ka ga ɗan shekara bakwai yana tsara jimla cikakkiya da fusha a kan kare duniya daga mugaye, amma idan kakarsa ta tambaye shi abin da ya sa shi kuka, sai ya fara da Hausa, ya kakare, ya ƙarasa da Larabci, ita kuma tana gyaɗa kai tana ƙoƙarin kamo ma'anar. Ɗaki-ɗaki harshe yake ficewa daga gida, kuma ɗakin mafarki yakan fara bari.

Waje ma bai ba da mafaka ba. Doka mai lamba 24 ta 2001 ta hana amfani da wani harshe ban da Larabci a ma'amaloli da sunaye. Bayan sauyin mulki, doka mai lamba 18 ta 2013 ta amince da harsunan Amazig da Abzinawa da Tubawa, ta buɗe ƙofar koyar da su. Muna taya maƙwabtanmu murna da wannan, amma Hausa ba ta cikin jerin. Ma'ana, abin da yaronmu bai samu a gida ba, ba zai same shi a aji ba.

Alhali kuwa Hausa ba baƙuwa ba ce a Fazzan. Ayarin fatake daga Kano yakan biyo ta Damagaram da Abzin zuwa Gat, ya wuce Murzuk ko Gadamas har Tarabulus, kuma Hausa na daga cikin harsunan cinikin wannan hanya. Akwai wani yaro ɗan ƙasar Damagaram mai suna Dorugu, wanda aka kama bauta, aka 'yanta shi, ya ratsa Murzuk a 1855 tare da matafiyi Heinrich Barth a hanyarsu ta zuwa Turai. A Ingila ya zauna da James Frederick Schön yana ba shi labarai da tatsuniyoyi, waɗanda suka fito a littafin Magana Hausa a 1885. Wato wasu daga cikin tatsuniyoyin Hausa na farko da aka buga a takarda, a kan yaron da ya taka yashin nan namu suka tsallaka hamada. Sannan duk wanda ya zubar da hawaye saboda Marko, yaron Italiya da ya tafi Ajantina neman uwarsa, ya sani muna da irin labarin a gida. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, uwa ce ta fito daga ƙasar Hausa tana neman ɗanta da aka raba ta da shi, har tafiya ta kawo ta Murzuk, ta kai ta Tarabulus. An mayar da littafin fim a 1976, shekarar da Japan ta fitar da Marko. Yaran Jadid nawa ne suka san Marko, nawa ne kuma suka san akwai labarin Hausa da ya bi ta ƙofar gidansu?

Daga kudu ne, ta hanyar da ba mu zata ba, hujja ta zo mana cewa Hausa tana iya wannan aiki. Hausawa sun daɗe da finafinan Indiya. Tun shekarun 1960 gidajen silima na Kano suke cika saboda su, mutane suna kallo ba tare da jin harshen ba, suna raɗa wa 'yan wasa sunayen kansu, har Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin. A farkon shekarun 2010 sai wasu matasa a Kano, waɗanda Algaita suka fi shahara a cikinsu, suka fara cire muryoyin asali suna ɗora na Hausa, aka kira abin Indiya-Hausa. Irin hanyar masu Hindi suka bi: maganar majalisa da tasha, da baƙar magana da habaici, har jarumin Haidarabad ya koma kamar wani matashin Fagge. Fassarar ta iso mana a cikin wayoyin matafiya da suke tasowa daga Agadas ta Dirku da Gatrun, daga baya ta YouTube da WhatsApp.

Mun riga mun ga finafinan Indiya da Larabci a tashar Zee Aflam tun 2008, mun kuma ga yadda karin harshen Siriya ya sa wasannin Turkiyya suka zama na gida. Amma abin da Indiya-Hausa ta yi a tsakar gidajenmu dabam ne. Tsofaffin da suka saba zama gefe idan an kunna talabijin, suna jiran a fassara musu, su ne suka dawo gaba, su ne masu dariya kafin kowa, jikoki kuma suna tambayar me aka ce. A karon farko kallo ya sa yaro ya buƙaci Hausar kakarsa. Akwai dai abin zargi. Yawancin finafinan na manya ne, cike da duka da zubar da jini, maganganun ma ba duka ne za a so yaro ya kwasa ba. 'Yan Kannywood sun koka cewa ana kashe musu kasuwa, ga kuma batun haƙƙin masu finafinan na asali. Duk da haka abin ya tabbatar mana cewa baƙon labari yana iya sa rigar Hausa ta zauna masa.

Ba ma sabon abu ba ne a adabinmu. Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Jamus na 'yan uwan Grimm da wasu wurare, ya sa su a bakin aku, ya ba su sarakuna da fadawa da kasuwanni irin namu. Magana Jari Ce ta fito a ƙarshen shekarun 1930, kuma har yau ba wanda yake karanta ta yana jin warin baƙunta. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa asalinsa jarumin Rasha ne, Ilya Muromets. Larabawa ma haka suka yi da Kalila wa Dimna, wanda tushensa Indiya ne, Ibnul Muƙaffa ya juya shi daga tsohon Farisanci a ƙarni na 8. Labari matafiyi ne, duk garin da ya sami masauki aka koya masa harshen garin, ya zama ɗan gari.

Wasu al'ummomin sun gane haka a fagen katun, sun nema, an kuma ba su. An fassara The Lion King da harshen Zulu tun 1994. An yi Moana da harshen Maori a 2017, an yi Frozen 2 a 2019 da harshen Sami na arewacin Turai, wanda masu magana da shi ba su kai mutanen ƙaramar hukuma guda a Kano ba. Misirawa kuwa, da Disney ta bar karin harshensu ta koma fusha, sai suka tayar da gangami a intanet a 2016, domin a kunnensu Timon bai cika Timon ba sai da muryar Muhammad Hinaidi. Hausa tana da gomman miliyoyin masu magana daga Sudan har Gana, amma abin da aka tanadar wa yaranta kaɗan ne. Akwai ƙoƙari abin yabawa, kamar shirye-shiryen Ubongo na Tanzaniya da aka ɗora wa Hausa, da Dandalin Sesame a Nijeriya. Sai dai sun fi karkata ga koyar da ƙirga da baƙaƙe da darussan makaranta. Abin da ya yi ƙaranci shi ne doguwar hikaya mai kashi hamsin, wadda yaro zai kwana yana tunanin abin da zai faru gobe, irin wadda ta sa Maukili ya zauna a zukatanmu shekara talatin.

Idan za a yi, tambaya ta gaba ita ce da wace Hausa. A nan ne hanyoyin biyu, ta Hindi da ta Larabci, suke da abin koya mana. Hanyar titi tana da ɗumi da dariya, amma titin Kano ba titin Jadid ba ne. Abin da Bakano yake kira makaranta, ɗan Damagaram yakan ce lakwal, yaronmu kuma ya ce madrasa. Mota a bakinsa sayyara ce, asibiti mustashfa. Barkwancin da ya dogara da Turancin Nijeriya wuce kansa yake yi. Hanyar fusha kuma tana haɗa nesa da kusa, amma idan aka tsananta mata sai ta yi sanyi kamar sanarwar gwamnati. Abin da zai amfane mu yana tsakani, kuma muna da samfurinsa a Hausar tatsuniya. Ita ce ake ji daga Sakkwato har Sabha ba tare da tafinta ba, mai sauƙin jimla, mai yawan amo, da buguzum-buguzum da tinƙis-tinƙis ɗinta, wadda tun fil azal ta san yadda ake sa dabba ta yi magana.

Ba ma kira ga kowa ya kashe wa 'ya'yansa Spacetoon. Fusha dukiya ce, harshen addininmu ne, harshen makaranta da aiki ne a ƙasar da muke ciki, kuma hani irin na Bangaladash ba zai yi aiki ba a zamanin da kallo ya koma aljihu. Abin da muke roƙo ƙarami ne, kuma yana hannunmu. Uba ko uwa su zauna da yaro ya kalli abinsa da Larabci, in an gama a ce ya ba da labarin da Hausa, inda ya kakare a miƙa masa kalmar ba tare da dariya ba. Gidan da Allah Ya bar wa tsohuwa mai tatsuniya, a ɗauki muryarta a waya tun tana da ƙarfin yin Gizo, domin kalmomin ana iya samunsu a littafi, amma tsamin bakin nan ba ya rubutuwa. Matasanmu da suka iya haɗa bidiyo, masu yi wa bukukuwa da shaguna aiki, su gwada minti uku kawai: zane mai sauƙi, labarin Gizo da Ƙoƙi wanda ba mai haƙƙin da zai biyo su, muryar kakarsu a kai. Masu ɗora murya na Kano da Damagaram kuma, idan wannan rubutu ya isa gare su, su sani akwai yara a Sabha da Gat da Tarabulus da suke jiran su.

Mu da muka tashi da Maukili mai fusha yanzu mu ne iyaye, wasunmu ma sun fara ganin jikoki. Har gobe idan waƙarsa ta tashi a wayar wani a majalisar shayi, hira takan tsaya, fuskokin manya su koma na yara na ɗan lokaci. Muna so 'ya'yanmu su ma, in sun kai shekarunmu, su sami aƙalla murya guda da za ta yi musu haka, ta kasance kuma da harshen da kakanninsu suka sa musu albarka da shi. Wanda yake da tatsuniyar da ya gada, ya aiko mana da ita, ya faɗi garin da ta fito, mu fara tarawa.

Allah Ya raya mana zuriya, Ya sa su gaje mu da alheri.